Kowa ya janye, saura kai da mai babban zubi: ƙari, ciko ko tura duka?

Ana tsakiyar gasar poka irin ta Texas Hold'em. Zubin dole, wato abin da mutum biyu suke ajiyewa kafin a raba kati, ya kai 1,000 ga mai ƙarami da 2,000 ga mai babba, ga kuma ante, wani ƙarin zubin dole, na 2,000 da mai babban zubi yake ajiyewa a madadin duk teburin. Kana kujerar ƙaramin zubi da tarin ƙwandalolin wasa na 60,000 a gabanka. Na farko ya jefar da katinsa, na biyu ya bi, haka har aka zo kan mai kujerar raba kati, shi ma ya janye. Yanzu 5,000 na kwance a tsakiya, kuma mutum ɗaya tak ya rage tsakaninka da su.

Masu wasa suna auna tari da babban zubi, suna rubuta shi BB a taƙaice. Da wannan ma'auni tarinka BB 30 ne, abin da ke tsakiya kuwa BB 2.5. Idan ka kwashe shi ba tare da an buɗe ko kati ɗaya ba, tarinka ya ƙaru da sama da kashi 8 cikin 100. Wannan adadin ne kuma daidai abin da kowane zagayen tebur yake ci maka, don haka sata ɗaya mai nasara ta saya maka zagaye guda kyauta. Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar poka ta duniya, WSOP, a Las Vegas a 1995, ya yaɗa wani ma'auni da ake kira M, wato tarinka a raba da kuɗin zagaye ɗaya. BB 30 a nan M 12 ne. Ba ka shiga uku ba tukuna, amma ba ka da sararin naɗe hannu kana jiran A biyu, hannu mafi ƙarfi, su faɗo maka.

Hanyoyi uku ne na neman wannan tulin idan tarinka yana tsakanin BB 20 da 40: ka ƙara, ka cike rabin zubin da ya rage kawai, ko ka tura duka. Ta huɗu ita ce janyewa, kuma zan faɗi ra'ayina a kanta tun yanzu: ita ce ramin da tsakaitan 'yan wasa suka fi zubar da tarinsu a ciki ba tare da sun ji zafi ba, domin asarar da ba a gani ba ce.

Kafin a kwatanta, akwai abu ɗaya da yake rinjayar komai. Daga ƙaramin zubi, da zarar an buɗe katin tsakiya uku na farko, wato fulof, kai ne za ka fara magana, haka a kati na huɗu, haka a na biyar. Abokin karawarka yana ganin abin da ka yi kafin ya motsa. Wasu suna rikita wannan da wasan mutum biyu kacal, inda mai ƙaramin zubi shi ne mai raba kati kuma shi ke magana a ƙarshe bayan fulof. A cikakken tebur abin juye yake. Shi ya sa dabarar da take aiki daga kujerar raba kati, ta ƙara BB 2 da hannaye masu yawa, take lalacewa idan aka kwaso ta yadda take aka kawo nan.

Mu fara da ƙari, tunda shi ne abin da yake zuwa wa kowa a rai idan aka ce sata. Lissafinsa mai sauƙi ne. Rabin BB ɗinka ya riga ya fita daga hannunka, ba naka ba ne kuma. Idan ka ƙara zuwa BB 3, sabon abin da ka saka 2.5 ne don ka ci 2.5. Ke nan idan mai babban zubi yana janyewa rabin lokaci, ka mayar da kuɗinka ko da katin da ke hannunka bai taɓa cin komai ba. Idan ka ƙara zuwa 2.5, kana buƙatar ya janye kashi 44 cikin 100. Idan ka kai 3.5, kusan kashi 55.

Wanda ya tsaya a nan zai ce to ai ƙaramin ƙari ya fi. Sai dai ka leƙa ta ɗaya ɓangaren. In ka ƙara zuwa BB 2, shi BB 1 kawai zai biya don ya shiga tulin da zai zama 5, wato rabon nasara kashi 20 cikin 100 ya ishe shi. Babu hannun da bai kai haka ba a gaban tarkacen da kake sata da su, ga shi kuma shi ke da kujera mai kyau. Zai amsa da kusan komai. A BB 2.5 yana buƙatar kashi 25, a BB 3 kusan 29, a 3.5 kuma 31. Saboda haka ne ƙwararru suke ɗaga ƙarinsu daga wannan kujera zuwa 3 ko sama da haka idan tari yana da ɗan kauri, alhali daga sauran kujeru 2 ko 2.2 suke yi. Suna sa shi ya biya kuɗin kujerar da yake zaune a kai ne.

Matsalar ƙari a matsakaicin tari ta fi wannan girma. Tari tsakanin BB 20 da 30 shi ne daidai girman da ya fi daɗin mayar da martani da tura duka. Ka ƙara zuwa 3 da K-9 mabambanta dangi, wato alamar da ke kansu ba iri ɗaya ba ce, shi kuma ya turo BB 25 ɗinsa gaba ɗaya. Za ka biya 22 don tulin da zai zama 51, kana buƙatar kashi 43 cikin 100. K-9 ba ta kai nan ba a gaban hannayen da mutum mai hankali yake turowa da su. Sai ka janye, ka bar BB 3, ba ka ga fulof ba, da hannun da a zahiri ya fi yawancin abin da yake riƙewa ƙarfi. Wannan ne ciwon. Ƙari yana buɗe masa ƙofar da zai kore ka daga hannun da ya cancanci ganin tsakiya.

Idan kuma amsawa kawai ya yi, tulin ya zama BB 7, saura 27 a bayanka in da 30 ka fara. Kai ne za ka fara magana. Kati biyu da ba tagwaye ba suna haɗuwa da ɗan'uwansu a fulof kusan sau ɗaya ne cikin uku. Sau biyu cikin uku hannunka wayam. Za ka sake jefa BB 2 ko 3 na burga, in ya amsa ka tsaya kana tunanin ko ka ci gaba. Kafin ka ankara kashi ɗaya cikin biyar na tarinka ya shige tsakiya a kan hannun da ka fara don ka ɗauki 2.5 ka wuce.

Duk da haka, akwai mutumin da ƙari ya fi komai a kansa: wanda yake janyewa fiye da kima. Ana gane shi da wuri. Mai kujerar raba kati ya ƙara masa sau uku ya jefar sau uku, ba ya tura duka sai da babban hannu, yana yawan duban allon da ke nuna saura mutum nawa. Irin wannan, ka ƙara masa da kusan kowane kati biyu, kuma ba sai ka kai 3 ba, 2.5 ta wadatar, domin ba lissafin farashi yake yi ba, katinsa kawai yake kallo. Ranar da ya mayar da martani kuwa ka yarda da shi ka janye ba gardama.

Yanzu ciko, wanda na fi so in daɗe a kansa domin shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Shekaru da yawa ana koya wa masu farawa cewa shiga hannu ba tare da ƙari ba alamar rauni ce, ko ka ƙara ko ka janye. Daga sauran kujeru maganar tana da gaskiya sosai. Daga ƙaramin zubi, a gasar da ake zuba ante, ba ta tsaya ba. Rabin BB za ka biya don tulin da zai zama 3. Rabon da kake buƙata bai kai kashi 17 cikin 100 ba. Hannu mafi muni a gaban katin da ba a sani ba, wato 3-2 mabambanta dangi, yana da kusan kashi 32. Gaskiya ne ba za ka karɓi wannan rabon duka ba, saboda wani lokaci zai ƙara ya kore ka, wani lokaci kujerarsa za ta ba shi damar ƙwace tulin. Amma tazarar da ke tsakanin 17 da 32 tana da faɗi, kuma yawancin hannaye sun fi 3-2 nesa ba kusa ba. Da manhajojin lissafi irin su PioSolver suka shigo hannun 'yan wasa, abin da suka nuna a wannan kujera shi ne yawan ciko da ƙarancin janyewa, fiye da yadda tsofaffin 'yan wasa suka saba. Yaɗuwar tsarin ante na mai babban zubi, wanda babbar gasar WSOP ta ɗauka a 2019, ya sa lissafin ya fito fili ga kowa: BB 2.5 ne a tsakiya, ko tebur ya cika ko bai cika ba.

Wani zai ce ai ciko ba sata ba ne, tunda ba ya sa kowa janyewa. Sata ce da aka jinkirta zuwa fulof. Ka cike, ya buga tebur, wato ya wuce bai ƙara komai ba, tulin BB 3 ne. Ka jefa BB 1. Wannan ɗan kuɗin yana buƙatar ya janye sau ɗaya cikin huɗu kawai, shi kuwa yana riƙe da kowane irin tarkace, tunda bai zaɓi shiga ba, kyauta aka ba shi, kuma shi ma sau biyu cikin uku bai haɗa komai ba. Jimillar abin da ka saka 1.5 ne. Kwatanta da hanyar ƙari, inda ƙarin farko da burgar fulof suke cin kusan BB 5. Riba ɗaya ake nema, amma jarin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ga mai tarin BB 25, wannan bambanci shi ne tsakanin ya ci gaba da wasa da 'yanci da ya koma mai jiran turawa.

Sai dai ciko yana da sharaɗi, kuma wanda ya tsallake sharaɗin gara ma kada ya fara. Idan da raunanan hannaye kaɗai kake cikewa, kana ƙarawa da masu ƙarfi, to ka rubuta katinka a goshi. Duk mai ido zai riƙa ɗaga maka zuwa 3.5 duk lokacin da ka cike, kana jefarwa, rabin BB yana tafiya a banza. Maganin shi ne ka ɓoye manyan hannaye a cikin cikon. Wani lokaci ka cike da A biyu ko K biyu, ka bar shi ya ɗaga. Ka kuma tanadi hannayen da za ka cike da su sannan ka tura duka in ya ɗaga: matsakaitan tagwaye, A-10, A-J da makamantansu. Duba abin da ke tsakiya a lokacin: naka 1, nasa 3.5, ante 1, jimilla 5.5. Ga tarin BB 25 wannan ya haura kashi ɗaya cikin biyar, kuma yawancin abin da ya ɗaga da shi ba zai iya amsa turawa ba. Sau ɗaya ya ga haka, zai yi sanyi, daga nan ƙananan hannayenka su riƙa ganin fulof da araha. Manyan hannayen ne suke yi wa ƙananan rakiya.

Abin da ciko yake nema daga gare ka shi ne iya wasa bayan fulof, kana magana da farko, a ƙaramin tuli da tari mai zurfi a baya: 3 a tsakiya, 29 a hannu. Dole ka san lokacin jefa ƙaramin kuɗi, lokacin barin tulin, da lokacin da tagwaye na biyu, wato haɗuwa da kati na biyu a girma a fulof, suka isa a amsa da su. Wanda bai saba ba zai iya samun kansa yana kashe BB 10 a tulin da ya shiga da rabin BB. Ban ɗauki wannan a matsayin dalilin guje wa ciko ba, na ɗauke shi dalilin koyonsa, amma gaskiya ne cewa a ranar gasa mutum ya yi abin da hannunsa ya faɗa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tura duka ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, kuma tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: tana share matsalar kujera baki ɗaya. Babu wanda zai yi magana bayan wani, ba kuma wanda zai kore ka daga rabonka. Ko ya janye ka ɗauki 2.5, ko a buɗe kati biyar a ga mai rabo. David Sklansky da Victor Chubukov sun yi wani sanannen lissafi a kan daidai wannan wuri, mai ƙaramin zubi yana turawa kan mai babban zubi, inda suka nuna cewa hannaye da dama suna cin riba ko da ka buɗe katinka abokin karawa yana gani, muddin tarin bai wuce wani iyaka ba. Iyakar ita ce maganar.

A ce tarinku BB 20 ne, kuma a ce zai amsa da kashi 25 cikin 100 na hannayensa, kai kuma rabonka in ya amsa kashi 35 ne. Sau uku cikin huɗu ka ɗauki 2.5. Sau ɗayan da ya amsa, tulin 41 ne, rabonka a ciki kusan 14.4, ka saka 19.5, asara ta ɗan haura 5. In aka haɗa, riba kusan BB 0.6 a kowane hannu. Yanzu mayar da tarin BB 40. Zai rage amsawa, a ce zuwa kashi 15, amma abin da yake amsawa da shi ya fi ƙarfi, rabonka ya sauka zuwa 30. Tulin 81 ne, rabonka 24.3, ka saka 39.5, asara 15.2. Haɗa su sai ka ga ribar ta ɓace, har ta ɗan faɗa ƙasa da sifili. Abin da ke tsakiya bai canza ba, abin da ka jingina ne ya ninka. Waɗannan alƙaluma misali ne na tsara don a ga yadda ma'aunin yake karkata, amma karkatar haka take a ko'ina: turawa tana da ƙarfi a BB 20 zuwa ƙasa, tana raguwa zuwa 'yan tsirarun hannaye a 25 zuwa 30, a 40 kuma ta kusan fita daga lissafi.

Waɗanne hannaye ne? Ba mafi ƙarfi ba. Tura A biyu da BB 25 ɓarna ce, ka kori mutumin da kake so ya zauna. Waɗanda suka dace su ne masu rabo mai kyau amma masu wahalar tafiyarwa bayan fulof. Ƙananan tagwaye, 2-2 zuwa 5-5, su ne misali na farko: suna samun na ukunsu a fulof kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai, sauran lokaci galibi katunan da suka fi naka girma ne a gabanka kai kuma za ka fara magana, alhali in aka tura aka amsa da manyan kati biyu, kusan rabi da rabi ne. Sai A da ƙaramin kati mabambanta dangi, kamar A-4 ko A-7. Riƙe A ɗaya yana rage yiwuwar shi ma yana da A daga kusan kashi 15.5 zuwa ƙasa da 12, yana kuma rage hanyoyin haɗa A biyu daga 6 zuwa 3, na A-K daga 16 zuwa 12. Ka toshe masa hannayen da zai fi amsawa da su. Hannaye irin su J-9 ko 8-7 'yan dangi ɗaya kuwa suna son ganin fulof, ciko ya fi musu.

Abu ɗaya da nake so a riƙa tunawa a nan, tarin da ake lissafi da shi shi ne mafi ƙanƙanta a tsakaninku. In kana da BB 40 shi yana da 14, wasan BB 14 kuke yi, kuma turawa ta dawo kan gaba. Ƙara masa zuwa 3 sannan ka janye in ya turo kuskure ne mai tsada, domin farashin da za a ba ka a lokacin ya yi kyau da yawa.

To wanne za ka ɗauka? Ni na fi duban mutumin kafin katin. In ban san shi ba, ko na ga ya iya wasa, ciko ne ginshiƙina a BB 25 zuwa 40, da manyan hannaye a ɓoye a ciki, ina ƙarawa zuwa 3 ko 3.5 da wasu masu ƙarfi haɗe da wasu 'yan tarkacen da ba zan yi baƙin cikin jefarwa ba in ya turo. Matsakaitan hannaye irin K-9 da Q-10, waɗanda ƙari yake jefa su cikin tsaka mai wuya, su ne na fi cikewa da su. In mai tsoro ne, ƙari da faɗi. In mai amsa komai ne da ba ya ɗagawa, babu amfanin ɓoye manyan hannaye tunda ba zai faɗa tarkon ba: ka ƙara da su sosai ya biya, sauran ka cike ka ga fulof da araha, ka kuma rage burga. In mai zafin kai ne da yake ɗaga kowane ciko, ka rage shiga da tarkace, ka yawaita cikewa da niyyar turawa. Idan tari ya sauka kusa da 20, ƙananan tagwaye da A mai ƙaramin kati su koma turawa kai tsaye.

Duk wannan lissafin ƙwandalolin wasa ne, kuma yana canzawa idan aka zo bakin shiga kuɗi, wato dab da matakin da waɗanda suka rage za su fara samun kyauta, ko teburin ƙarshe, inda tsarin auna darajar ƙwandala da kuɗin kyauta, wanda ake kira ICM, yake nuna cewa ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci daraja. A nan tambayar farko ita ce wa ya fi wani tari. In ka fi shi, kuma akwai masu ƙananan tari a wasu tebura da yake jira su fita, to ba zai iya amsa maka da faɗi ba, ƙari da turawa duk sun ƙara ƙarfi. In shi ya fi ka, ƙari ya zama mafi haɗari a cikin ukun, domin zai iya turo maka da abin da ya ga dama ya san kai ne za ka fita in aka yi rashin sa'a. A wannan hali ciko da janyewa suke karɓar mafi yawan hannaye, kuma nan ne kaɗai nake ganin yawan janyewa daga ƙaramin zubi ba asara ba ne.

Wasan kuɗi kai tsaye, wanda ba gasa ba, lissafinsa daban ne. Galibi babu ante, don haka 1.5 ne a tsakiya: ciko yana buƙatar kashi 25 maimakon 17, ƙari zuwa 3 yana buƙatar janyewa kashi 62.5. Ga kuma kason da gidan wasa yake cira, wanda a wurare da yawa sai an buɗe fulof ake ɗaukarsa, abin da yake rage wa ciko armashi ya tura mutum zuwa ƙari ko janyewa, musamman a ƙananan tebura inda kason yake da nauyi a kan ƙaramin tuli.